Shisa nyama: me ke tara jama'a a wuraren gashin nama na unguwannin Afirka ta Kudu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Aiki zai kai ni Johannesburg na wata 3, kuma abokan aikina na can sun ce wata Lahadi za su kai ni shisa nyama a Soweto. Na ga hotunan wurin: motoci jere, hayaƙi ya turnuƙe, mutane ɗaruruwa. Shin gidan abinci ne, ko mahauta, ko gidan rawa? Me ya sa gashin nama kawai zai tara jama'a haka? Kuma Musulmi zai iya ci a wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka ukun da ka lissafa akwai su a ciki, amma tushensa mahauta ce. Kalmar ta Zulu ce: shisa, wato ƙona, sai nyama, wanda kunnenka ma zai gaya maka nama ake nufi. A yankunan masu jin Sotho za ka ga an rubuta chesa nyama. Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Mahauci ya sayar maka da ɗanyen nama a kan sikeli, sannan ya ba ka wuta kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A wajenmu cewa ake yi mai nama shi ke neman wuta. Can mai shago ne ya tanadi wutar domin mai nama ya zauna.

Wannan zaman shi ne amsar tambayarka ta biyu. Mai tsire na Kano ko Maraɗi ya riga ya gasa kafin ka zo. Ka nuna, ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda, cikin minti 5 ka kama gabanka. A shisa nyama ba a ɗora naman kowa a wuta sai ya biya, don haka dole ka jira, daga minti 20 a ranar da ba kowa zuwa fiye da awa guda da yammacin Lahadi. Mutumin da ke jira yana buƙatar benci, da inuwa, da abin sha, da wanda zai yi hira da shi. Duk sauran abubuwan da ka gani a hoto, kiɗan da motocin da kwalliyar, a kan wannan jiran aka gina su. In kana neman abin da ya fi kama da shi a gida, teburin mai shayi ya fi kusa da shi a kan tukubar mai tsire, sai dai a maimakon mutum 10 ka ƙiyasta 500.

Dalilin da ya sa irin wannan wuri ya yi ƙarfi a waɗannan unguwanni musamman yana cikin yadda aka gina su. Unguwannin da Turawa suka kira township, mazauna kuma suke kira kasi, gwamnatin farar fata ce ta keɓe su a bayan gari domin baƙaƙen fata ma'aikata su kwana su koma aiki da safe. Dokar 1923 ta fara tsara haka, dokar raba unguwanni ta 1950 ta ƙarasa. Soweto, wadda ta samu sunanta a 1963, da Tembisa da Mamelodi a yankin Johannesburg da Pretoria, da Umlazi da KwaMashu a Durban, da Gugulethu da Khayelitsha a Cape Town, duk haka suka samo asali. Gidan da aka fi ginawa mai ɗaki 4 ne, kusan murabba'in mita 40, har ana yi masa laƙabi da kwalin ashana. Babu zaure, babu tsakar gidan da zai ɗauki baƙi 20. Gidajen cin abinci na cikin gari kuwa dokar 1953 ta raba su bisa launin fata, ba a soke ta ba sai 1990. A cikin unguwar ma an ɗaure ɗan kasuwa baƙar fata: umarnin gwamnati na 1963 ya taƙaita shi ga shago ɗaya tak, na kayan masarufi kawai.

To ina mutane za su haɗu? Coci, da filin ƙwallo, da shebeen, wato mashayar ɓoye a falon wata mata mai dafa giyar dawa da ake kira umqombothi, 'yar'uwar burkutu. Sai kuma bakin shagon mahauci, kusa da tashar mota ko ɗakunan kwanan gwauraye 'yan ci-rani masu aikin ma'adinai, waɗanda ba su da murhu ba su da mai dafa musu. Mahauci ya tsaga ganga biyu, ya zuba garwashi, ya ɗora waya, ya ajiye gishiri da barkono a kan katako. Daga nan aka fara. Bayan ƙarshen mulkin wariyar launin fata a 1994 aka samu sakewa, sai ƙananan wuraren suka girma. Wandie's Place a Dube da ke Soweto ta fara ne a matsayin shebeen a 1981. Rita Zwane ta fara nata a Ivory Park kusa da Tembisa a 1997, wanda ya zama Busy Corner Imbizo. Sakhumzi ya buɗe a 2001 a titin Vilakazi, titin da Mandela da Desmond Tutu suka zauna. Mzoli Ngcawuzele ya buɗe Mzoli's a Gugulethu a 2003, ya yi suna har ƙasashen waje, aka rufe shi a 2021. A Umlazi akwai Max's Lifestyle da Eyadini, a Khayelitsha akwai Rands, a gindin hasumiyoyin Orlando akwai Chaf Pozi. Waɗannan su ne manya. Na ainihi, masu benci 4 da rumfar kwano, suna ko'ina, kuma sau da yawa namansu ya fi.

Ga yadda abin yake tafiya in ka shiga. Za ka fara da layin kanta, inda nama yake a firji mai gilashi. Ka nuna abin da kake so, a zuba a faranti ko roba, a auna shi ɗanye, ka biya, a ba ka rasit mai lamba. A nan ake tambayarka ko a barbaɗa kayan ƙamshi. Kada ka sa ran yajin ƙuli-ƙuli: nasu gishiri ne da jan barkono mara zafi da coriander da tafarnuwa, gishirin ma yakan yi yawa, don haka ka ce a sassauta hannu. Kai da kanka za ka ɗauki farantin zuwa wurin wuta a baya, ka miƙa wa mai gashi tare da rasit. A wasu wuraren babu mai gashi, kowa da matsefatarsa yake juya nasa. Inda akwai shi, ana ba shi ɗan alheri, kuma wanda ya ba da nasa tun farko ba ya cika jiran banza. Abin haɗawa a wata taga ake sayensa daban, abin sha ma haka. Idan nama ya sauko, a kan katako ko tire ɗaya ake kawo shi, da wuƙa ɗaya. Mutum ɗaya ya yanka, kowa ya sa hannu. Ba a raba wa kowa farantinsa, kuma wanda ya nemi cokali mai yatsu ya tona wa kansa asiri cewa baƙo ne.

Wannan auna ɗanye yana da muhimmanci ga aljihunka. Nama yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku a kan wuta, ga kuma ƙashi. Kilo guda na naman kafaɗa mai ƙashi da ƙyar ya ba ka rabin kilo na abin taunawa. Saboda haka a lissafa gram 350 zuwa 450 na ɗanye ga kowane babban mutum. Ga mutum 6, kilo 2 da rabi ya wadatar: kilo guda na kafaɗa ko ƙirjin sa, gram 600 na wors (tsiran niƙaƙƙen nama), gram 600 na fukafukin kaza, gram 300 na hanta. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne sayen nau'i ɗaya mai yawa. Gaurayawa ta fi, domin kowanne da lokacin nunarsa: hanta ta fara sauka ana lasawa, naman sa ya biyo, kaza ta zo ƙarshe. Tebur ba ya zama shiru.

Naman sa da ake ci a nan yawanci na gaban dabba ne, kafaɗa da wuya da ƙirji da haƙarƙari, domin ya fi araha kuma yana da kitse. Nama ne mai jijiya wanda a gida da sai dai a dafa shi a tukunya. Dabarar ita ce a yanka shi da zarton inji, falle-falle, kaurin santimita 1 zuwa 1 da rabi, har da ƙashinsa. In ya fi haka kauri, waje zai ƙone ciki na nan kamar roba. Akwai kuma abin da za ka iya dubawa da idonka. A Afirka ta Kudu ana buga wa gawar dabba tambarin tawada a mahauta bisa shekarunta, kuma da haƙori ake gane shekarun, kamar yadda ake yi a kara. Tawada ruwan shanshanbale ita ce A, dabbar da ba ta fid da haƙorin girma ba. Kore ita ce AB, ruwan ƙasa B, ja kuma C, tsohuwar dabba. Kitse ana ba shi lamba daga 0 zuwa 6. Mai gashi ya fi son A2 ko A3. Naman C ya fi ɗanɗano a miya, amma a kan garwashi muƙamuƙinka zai gaya maka. Gawar da ba ta da tambari kwata-kwata ba ta bi ta mahautar da hukuma ta amince da ita ba, kuma dokar lafiyar nama ta 2000 ta hana sayar da irinta.

Wors kuwa niƙaƙƙen nama ne da aka ɗura a hanji, dogo, a naɗe kamar gammo. Doka ta ce ba za a kira shi boerewors ba sai nama ya kai kashi 90 cikin 100, kitse kuma bai wuce kashi 30 ba. Wanda aka rubuta wa braai wors kawai yana iya ɗauke da gari da waken soya da ruwa, shi ya sa ya fi araha kuma yake shanyewa a wuta. Zan dawo kansa a maganar halal, domin a nan tarkon yake.

Abin ci da nama shi ne pap, tuwon farar masara mai tauri, wanda ake gutsura da hannu. Kilo guda na gari da ruwa lita 2 da rabi zuwa 3 yana isar mutum 8 zuwa 10, kuma sai ya yi minti 30 zuwa 45 a kan wuta kaɗan a rufe, in ba haka ba warin ɗanyen gari zai fito. A Durban za ka fi samun uphuthu, wanda yake warwashi kamar dambu, ko ujeqe, burodin da aka turara. Miyarsa chakalaka ce: albasa, tattasai kore, gurzajjen karas, barkono, garin kori, tumatir da waken gwangwani, a soya su tare, a ci da ɗumi ko a sanyi. Ita ce ta fi saurin lalacewa a duk kayan wurin, saboda waken. Robar chakalaka da ta wuni a rana tun safe, in ka ga tana kumfa ko tana tsami, bar ta.

Zancen wuta ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ke raba wurin da ake komawa da wanda ake zuwa sau ɗaya. Ba a gashi a kan harshen wuta, sai garwashi. Wurin da ya san aikinsa yana da wuta biyu: uwar wuta a gefe, inda itace ke ci kullum, da kwamin gashi, inda ake ɗebo garwashi da shebur ana shimfiɗawa. Itace mai ƙarfi yana ɗaukar minti 40 zuwa awa guda kafin ya zama garwashi, don haka mai wuta ɗaya, in ta mutu masa da ƙarfe 3 na rana, ya tsayar da layin gaba ɗaya na awa guda, ko kuma ya jefa sabon itace a ƙarƙashin naman mutane ya mayar da shi baƙi da ɗacin hayaƙi. Itacen da suka fi so su ne kameeldoring, dangin ƙaya ne na ƙasashe masu fari, da sekelbos, wanda ba wani ba ne illa ɗunɗu da muka sani a dajinmu. A Cape Town rooikrans ne ya fi yawa. Manyan wurare suna haɗawa da gawayi don sauri.

Waya tana zama santimita 10 zuwa 15 sama da garwashi. Mai gashi da tafin hannunsa yake auna zafi. In bai iya riƙe hannu sama da wayar fiye da daƙiƙa 2 zuwa 3 ba, wurin naman sa ne, minti 4 zuwa 5 kowane gefe. Daƙiƙa 5 zuwa 6 wurin wors ne, minti 15 zuwa 20, ana juyawa a hankali ba a huda shi, domin in aka huda kitsen ya tsiyaye, wuta ta tashi, a bar ka da busasshen abu. Kaza tana can gefe mafi sanyi, minti 25 zuwa 35, har sai ruwan da ke fitowa daga gindin ƙashi ya zama fari. Hanta minti 2 zuwa 3 kowane gefe, ƙari a kan haka ta koma kamar takalmi. Idan kitse ya ɗiga wuta ta kama, naman ake janyewa gefe. Mai yayyafa ruwa yana tayar da toka ne ta manne wa nama. Romon shafawa mai sukari sai a minti 5 na ƙarshe, in aka shafa tun farko ƙonewa yake yi.

Abubuwa uku a wurin wuta suna cutar da mutane ba tare da an gani ba. Na farko katakon gini ko na kwali mai fenti, da sandunan shinge masu launin kore-kore, waɗanda aka jiƙa da maganin gara mai guba. Mai neman arahar itace yakan tsinto su, hayaƙinsu kuma a nama yake sauka. Na biyu wayar da aka yi da ragar ƙarfen cikin tsohon firji ko wayar shinge mai rufin tutiya. Na uku, wanda ya fi yawa, shi ne mayar da gasasshen nama cikin farantin da ya zo da shi ɗanye, da jinin kaza a kwance a gindinsa. Ka tsaya ka ga an sauya faranti, ko an wanke. Wannan haƙƙinka ne, ba wanda zai ga baƙinka.

Ta fuskar mai shago, ribar nama siririya ce. Yana sayarwa kusan farashin mahauta, ya biya itace, da masu gashi, da wutar firji, ga asarar zarto da ruwan da nama ke zubarwa a ajiya. Abin da ke cike gurbin shi ne pap da kayan haɗi, waɗanda kuɗin yin su kaɗan ne, da abin sha, da wankin mota. Shi ya sa kusan kowane shisa nyama yake da masu wankin mota a gefensa: nama minti 40, mota minti 40, jira biyu a zama ɗaya. Babban makiyinsa kuwa ɗauke wuta ne. A shekarun da kamfanin lantarki na Eskom yake ɗauke wuta bi da bi, musamman 2022 da 2023, unguwa takan yi awanni babu lantarki kowace rana. Ɗanyen nama yana buƙatar zama ƙasa da digiri 5, dafaffen abinci sama da 60. Wanda ba shi da janareta, naman da ya sara ranar Alhamis don Lahadi yakan yi yauƙi, sai a dame shi da romo a ɓoye. Don haka ka sayi naman da kake ganin launinsa, ka bar wanda aka riga aka jiƙa a ja-jan romo. Doka ta wajabta wa kowane wurin abinci takardar shaidar tsafta daga 'yan duba-gari na ƙaramar hukuma, bisa ƙa'idar R638 ta 2018, kuma a bango ake rataye ta inda kowa zai gani. Mutanen ƙasar ba sa wasa da wannan tun annobar listeriya ta 2017 zuwa 2018, wadda ta kashe fiye da mutum 200 ta hanyar sarrafaffen naman polony.

Kowace rana da jama'arta. Litinin ta tumbi ce, mogodu, ana dafa shi a baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku. Tsakiyar mako direbobin ƙananan bas ne da ma'aikata, suna cin inhloko, naman kan sa, a tsaye, ko smiley, kan tunkiya da aka babbake har leɓe ya janye haƙora suka fito kamar mai murmushi. Asabar ranar jana'iza ce a kasi, kuma bayan an dawo daga maƙabarta an ci abincin gidan mutuwa, matasa sukan wuce shisa nyama su yi abin da suke kira bayan hawaye. Bahaushe zai ga abin banbarakwai, dattawansu ma da yawa ba sa so. Ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kaizer Chiefs ta haɗu da Orlando Pirates kuwa ba ka samun wurin tsayuwa gaban talabijin. 'Yan adashi, wanda suke kira stokvel, suna kama teburinsu a ƙarshen wata, su yi zubi su ci nama. Lokacin zaɓe 'yan siyasa suna zuwa su riƙe matsefata a ɗauke su hoto. Ranar 24 ga Satumba, ranar al'adun gargajiya, an mayar da ita ranar gashi a bakin mutane da yawa. Disamba, wadda ita ce tsakiyar zafi a can, kakar kasuwa ce, Yuni da Yuli kuma sanyi ya kore mutane.

Lahadi ce uwar ranaku, kuma tana da dalili. Bayan an soke dokar raba unguwanni a 1991, duk wanda ya samu hali ya koma unguwannin da a da na Turawa ne, gidaje masu katanga da wayar lantarki inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. Amma uwa tana kasi, coci yana kasi, abokan ƙuruciya suna kasi. Zumunci a ƙafa yake, ko a ce a taya. Mutum ya je coci, ya gaida tsohuwa, sannan ya wuce inda zai ga kowa a zama ɗaya ba tare da ya bi gida-gida ba. A nan lauya da makanike da suka yi firamare tare suke cin tire ɗaya, a nan ake jin inda ake ɗaukar aiki da wanda ke sayar da mota. Motar da aka wanke aka jera a bakin titi ita ma saƙo ce ga unguwa cewa yaro ya zama mutum. Bambanci babba da majalisar ƙofar gida ta wajenmu shi ne mata suna nan daidai da maza, suna zuwa da ƙawayensu, wasu ma su ke da wurin. Kiɗan kwaito da gqom na Durban da amapiano a irin waɗannan wurare suka yi ƙarfi kafin rediyo ta karɓe su.

Girman ma yana da nasa illar. Wuri ya yi suna, sai a kewaye wani ɓangare da igiya a ce na manya ne, a sa kuɗin shiga, a ajiye sikeli a kawo takardar jerin abinci mai tsayayyen farashi. A ganina ranar da aka ɗauke sikeli, shisa nyama ya mutu, gidan rawa mai sayar da nama ya gaje shi. Sikeli shi ne ke ba mai kuɗin hanta gram 200 damar zama benci ɗaya da mai sayen kilo 5. Sannan yawancin wuraren a tsakiyar gidajen mutane suke, a filin da aka yanka don zama. Lasifika har tsakar dare, motoci sun toshe ƙofar maƙwabta, bayi 2 ga mutum 400, sauran kuma jikin katangar wani. Ƙorafin maƙwabta ya rufe wurare fiye da yadda rashin ciniki ya rufe, domin mai wurin yana buƙatar izinin sauya amfanin fili daga ƙaramar hukuma, da lasisin kasuwanci, da lasisin giya daga hukumar lardi, kuma a kowanne maƙwabci yana da bakin magana. A lardin Gauteng ana duba ko akwai makaranta ko wurin ibada cikin mita 500. Tun Yunin 2022, da matasa 21 suka mutu a wata mashaya a Scenery Park da ke East London, an ƙara sa ido kan cunkoso da sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 giya. A wasu unguwannin Cape Town kuma akwai 'yan daba masu karɓar kuɗin kariya daga duk mai sana'ar da ta fara motsi.

Yanzu tambayarka ta uku. Magana ta gaskiya, yawancin shisa nyama na kasi ba halal ba ne, kuma matsalar ta wuce yanka. Ana sayar da naman alade a firji ɗaya, a yanka da zarto ɗaya, a gasa a waya ɗaya da matsefata ɗaya. Wors ko an ce na sa ne zalla, hanjin da aka ɗura shi a ciki galibi na alade ne, in mai kauri ne. Siririn shi ne ake yi da hanjin tunkiya, shi ma sai ka tambayi abin da aka niƙa a ciki. Giya kuma ita ce kan gaba a yawancin tebura. Abin da ya sauƙaƙa shi ne ƙasar tana da hukumomin shaidar halal masu ƙarfi, irin su SANHA da MJC da NIHT, kuma manyan mahautu da kamfanonin kaji da yawa suna da shaidarsu. Amma shaidar mahauta ba ta bin nama zuwa shagon da ke sayar da alade. Takardar da za ka nema ita ce wadda ke ɗauke da sunan shagon da adireshinsa da kwanan watan da bai wuce ba. Kalmar halal da aka rubuta da fenti a bango ba ta isa ba.

Mafita biyu ce. Ko ka ja abokan naka zuwa wuraren gashi na Musulmi a Fordsburg ko Mayfair ko Lenasia, wadda ke maƙwabtaka da Soweto, inda tsarin saye da gasawa ɗaya ne ba giya ba alade. Ko kuma, in Soweton suke so, ku zaɓi ƙaramin wuri, a yi magana da mai shi tun kafin ranar, ka sayo namanka daga mahaucin Musulmi, ka zo da wayarka mai ninki wadda ake sayarwa a kowane babban kanti, a ɗebar maka garwashi a gefe ka juya da kanka. Wasu za su yarda in ƙungiyarku ta sayi sauran kaya a wurinsu, wasu ba za su yarda ba tunda naman ne cinikinsu. Pap ba shi da matsala. Chakalaka ka tambaya ko an sa romon nama ko dunƙule. Abin sha akwai mageu, kunun masara mai tsami, na kwali wanda ake sayarwa a kanti.

Ku je tsakanin ƙarfe 12 da 3 na rana, lokacin iyalai da yara, nama sabo, wuta a kan ganiyarta, ku tashi kafin magariba, domin daga nan wurin na masu kwalba ne. Ka tafi tare da ɗan unguwa, ka bar shi ya yi magana a kanta. An taɓa kai wa baƙi 'yan Afirka hari a unguwannin ƙasar, mafi muni a Mayun 2008, sannan a Satumban 2019 har aka kwaso 'yan Najeriya zuwa gida, don haka in ana zaman ɗar-ɗar a gari a ɗage zuwan. A ranakun lafiya kuwa gaisuwa ce ke buɗe maka hanya: sawubona ga mai jin Zulu, dumela ga mai jin Sotho, ka kira mai gashi bhuti, matar da ke tuƙa pap kuma mama. Ka riƙe 'yan canji na rand don mai gashi da mai gadin mota, sauran kuma yawancin wurare suna karɓar kati.